Kyamarar Marigayi

Ruwan sama ya ɗauke da misalin ƙarfe bakwai na safe. Kyamarar kuma ta ɓace tsakanin bakwai da rabi da takwas, daga kan teburin da ke jikin tagar ɗaki na huɗu. Iyakar abin da mutanen masaukin suka yarda da shi baki ɗaya ke nan.

Ƙaramin masauki ne a bakin tafki: ɗakuna shida a jere, ɗakin cin abinci, sai ɗakin mai gadi a bakin ƙofa. Mutanen birni ke zuwa su yi kwana biyu ko uku su huta su koma. Kafin ƙarfe tara ma'aikatan gidan sun gama shari'a a tsakaninsu, sun ce mai wanki ce. Satinta uku da fara aiki, ba wanda ya san inda ta fito, kuma kuku ya rantse ya hango ta a bayan ɗakin da safen nan. Har an zazzage jakarta a tsakar gida. Sabulu aka samu, da ɗankwali, da katin asibitin yaro. Duk da haka ba wanda ya janye maganarsa.

Manaja ba ya son 'yan sanda su shigo masa gida alhali baƙi na nan. Sai ya hau babur da kansa ya je ya ɗauko Baba Mai-sawu.

Shekara talatin da ɗaya dattijon ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu harbin namun dawa da na shanun da suka ɓace, wani lokaci har da na mutane. Tun da ya ajiye aiki yake zaune a bayan tafkin yana noma 'yar gonarsa. Ba shi da yawan magana, kuma ya daɗe da daina mamakin abin da ɗan Adam zai iya yi. Ya sauko daga babur da siririyar sandarsa, ya tsaya yana kallon tsakar gidan da aka tattake kamar an ci kasuwa an tashi.

"Mutum nawa suka bi ta nan?"

"Kowa da kowa, Baba," in ji Manaja. "Nema muke yi."

"To, kun nema da kyau. Bayan ɗakunan fa?"

"Tun da abin ya faru ba wanda ya je. Taɓo ne."

"Kada kowa ya je."

* * *

Mai kyamarar malamar makaranta ce, ba za ta wuce shekara arba'in ba. Baba ya same ta zaune a bakin gado, jakarta a rufe a gefe, hannayenta a kan cinya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa da kowa ba. Ta amsa gaisuwarsa kamar mai karanta takarda.

"Malama, an ce kyamara ce mai tsada."

"Ban san tsadarta ba. Ta maigidana ce. Ya rasu, wata bakwai ke nan."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Ta yi masa bayani a hankali, irin yadda take yi wa ɗalibai. Tsohuwar kyamara ce mai cin fim, ba irin ta waya ba. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai an wanke. In kuwa aka buɗe bayanta haske ya shiga kafin a naɗe fim ɗin ya koma cikin ɗan gwangwaninsa, shi ke nan, komai ya ƙone.

"Ya ɗauki ashirin da ɗaya kafin hatsarin," in ji ta. "A cikin motar aka tsince ta, ko gilashinta bai tsage ba. Na sa ta a durowa ban sake taɓawa ba. Da aka ba mu hutu na ce bari in zo nan kwana uku in ƙarasa masa sauran, in kai a wanke, in ga abin da ya kalla na ƙarshe."

"Kin ƙarasa?"

"Saura biyu."

"Me kike ɗauka?"

"Kujera. Kwalekwale. Wata bishiya can. Ban sani ba, Baba. Ina dai ɗagawa in danna. Shi yakan tsaya minti goma yana jiran rana ta gyara zama, ni kuma ina masa tsiya. Yanzu ga ta a hannuna, ba na jin komai sai ƙarar dannawar."

"Wa ya san saura biyu?"

"Jiya da yamma na faɗa a wurin cin abinci. Na ce yau zan ƙarasa, jibi in kai a wanke. Akwai Alhajin ɗaki na biyu, akwai Manaja, akwai Auta."

"Wane ne Auta?"

"Ƙanin maigidan nawa. Mama, mahaifiyarsu, ita ta ce ya rako ni, kada in yi tafiya ni kaɗai. Tare suke a motar ranar. Shi karaya ya samu, ya warke."

"Da kika fita karin kumallo, ƙofar a kulle kika bari?"

"A kulle. Tagar ce na bari a buɗe don iska."

"Akwai wanda kike zargi?"

"Ba ni da ƙarfin zargi. In an sami fim ɗin, wanda ya ɗauka ya riƙe kyamarar, na bar masa."

* * *

Bayan ɗakin wata 'yar hanya ce tsakanin bango da igiyar shanya, ƙasarta laka ce mai riƙe sawu. Baba ya cire takalminsa, ya bi gefen bango, ya tsuguna a ƙarƙashin tagar. Ya daɗe a haka har Manaja ya fara gyaran murya daga nesa.

Sawu iri biyu ne. Na farko na ƙananan silifas, da gudu aka yi shi, yatsu sun nutse, dunduniya ba ta sauka sosai ba. A cikinsa akwai 'yan ƙananan ramuka na ɗigon ruwa. Na biyu na babban takalmin roba ne, irin dogon nan na shiga taɓo. Bakinsa tsaf kamar an yanka da wuƙa, babu ɗigo ko ɗaya a ciki, kuma a wuri biyu ya hau kan na silifas ɗin ya danne.

Ya sami mai wanki a ɗakin guga tana tsaye. An kwaso kayan jakarta an zube a kan tebur, ba ta mayar ba.

"'Yata, me ya kai ki bayan ɗaki na huɗu?"

"Zannuwan gado. Jiya na manta su a igiya. Da na ji ruwa sai na fita da gudu na kwashe."

"Ana ruwan?"

"Ana tsakiyarsa. Ga su can a jiƙe, a je a taɓa." Ba ta kalle shi ba. "Baba, ni ko sunan abin ban iya faɗa daidai ba. Yara biyu gare ni. In aka kore ni da sunan sata, gidan wa zan ƙara shiga?"

"Mayar da kayanki cikin jaka."

"Sun ce kada in taɓa."

"Ni na ce ki mayar."

* * *

Alhajin ɗaki na biyu mutum ne mai jiki, dillalin tsofaffin kaya: agogo, rediyo, duk abin da masu shi suka gaji da shi. Bai jira an tambaye shi ba.

"Na san abin da ake raɗa. E, na taya kyamarar, sau biyu ma. Sana'ata ce, ko jikata na gani da tsohon agogo sai na taya. Amma taya abu daban, zura hannu ta taga daban. Dube ni da kyau, Baba. Wannan tumbin ne zai bi ta bayan ɗaki ba a ji ƙasa ta girgiza ba?"

"Ka tashi daga wurin karin kumallo?"

"Minti goma, na amsa waya a baranda. Uwargida ce, tana so ta tabbatar hutun nawa ni kaɗai nake yin sa."

Baba bai yi dariya ba. Ƙafafun mutumin yake kallo, manya ne masu faɗi, da ƙyar suka shiga takalminsa na fata.

"Ka iya cire fim daga irinta?"

"Ni? Ido rufe. Amma ba kowa ba. Akwai ɗan maɓalli a ƙarƙashinta, sai ka danna shi, ka ɗaga ɗan hannun da ke sama, ka yi ta juyawa har ka ji ya saki, sannan ka buɗe. Wanda bai sani ba ɓalle bayan zai yi kawai ya kashe hotunan. Ɓarawon yanzu ina ya san wannan? Wurin caji zai yi ta nema a jikinta."

* * *

Takalmin roba guda ne a duk gidan, na mai gadi. Aka same shi a ƙofar ɗakinsa, da ɗanyen taɓo har idon sawu. Nan take Manaja ya manta da mai wanki.

"Shekara shida kana gidan nan, ashe kai ne?"

Mai gadin ya fito yana mutsuttsuka ido. Ƙarfe bakwai ya sauka daga aiki ya kwanta, ko hayaniyar bai ji ba. Ya dubi takalmin, ya dubi Manaja.

"Wallahi a wanke na ajiye shi. Ranka ya daɗe, in ya tafi yawo ba tare da ni ba, shi ya kamata a tambaya."

Baba ya sa shi ya saka takalmin ya taka sau biyar a kan laka. Ƙafarsa ta cika shi dam, sawun ya fito daidai gaba da baya. Na bayan taga kuwa gabansa bai nutse ba, dunduniyar tana zamewa. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi.

"Koma ka kwanta," in ji Baba.

Manaja ya biyo shi yana yarfe hannu. "To in ba ita ba ce, ba shi ba ne, wa ya rage? Aljani?"

"Ban taɓa ganin aljanin da ke tsoron taɓo ba."

* * *

Auta na ɗaki na biyar, zaune a kan kujera, ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur. Siriri ne, bai cika talatin ba, a kantin magani yake aiki. Shayin da aka kai masa ya huce ba a taɓa ba. Ya rusuna daga zaune ya gaishe da dattijon.

"Ba ka fito karin kumallo ba."

"Kaina ke sarawa tun da na tashi."

"Ka ji motsi ta baya?"

"Ban ji ba. Na rufe taga saboda sanyi."

"Ka san kan kyamarar nan?"

"A'a. Yaya ne mai wannan harkar. Ni ko a waya hotona a karkace yake fita."

"An ce kana cikin motar ranar."

"E. Yaya ke tuƙi, ni ina barci a gefe. Sai a asibiti na farka." A jere ya faɗe shi, ba tsayawa ba numfashi, kamar abin da aka sha maimaitawa.

Takalmansa na bakin ƙofa, a bushe, a goge. Ƙanana ne.

"Kana ganin mai wankin ce?"

Auta ya dubi kofin shayin. "Ban sani ba, Baba. Allah ya bayyana gaskiya."

"Amin," in ji Baba, ya fita.

* * *

Daga ƙarƙashin taga, sawun bai nufi ƙofar fita ba. Ya bi ta bayan kicin, ya ratsa ciyawa, ya gangara tafki. A cikin ciyawar babu sawu, sai layin da aka kaɗe ruwan da ke kan ganye. Baba ya bi layin a hankali har inda yashi ya fara, nan takalmin ya sake fitowa sarai.

Ya shimfiɗa sandarsa ya fara auna taku, daga hagu zuwa dama, daga dama zuwa hagu. Goma sha biyu ya auna. Kowane takun da aka ɗora nauyi a kan ƙafar dama ya gaza ɗan'uwansa da faɗin yatsa uku, kuma gefen waje na takalmin ya fi nutsewa, kamar mai tsoron sakar mata nauyinsa duka. In mutumin na tafiya a gabanka ba za ka lura ba. A kan yashi ne kawai yake fita.

Sawun ya tsaya a jikin wani tsohon kwalekwale da aka kifa. Mutumin ya zauna a kai, kuma ya jima, don dunduniyoyinsa sun haƙa rami biyu. Daga nan ya tashi ya je har bakin ruwa, ya tsaya ƙafafu a haɗe har suka nutse. Bai ja ƙafa baya ba yadda mai jifa ke yi. Ya juyo, ya koma wurin kwalekwalen, ya durƙusa a kan gwiwar hagu kaɗai.

Baba ya zura hannu ƙarƙashi. Kyamarar na nan cikin leda biyu, an ɗaure bakin, an ɗora ta a kan dutse don kada damshi ya taɓa ta. Igiyar ratayawar ma an naɗe ta tsaf a jikinta.

Ya zauna inda mutumin ya zauna, ledar a kan cinyarsa. Ya ga ɓarayi iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ya yi wa kayan sata shimfiɗa ba. Bai ji daɗin ganewa ba, bai kuma ji baƙin ciki ba. Gajiya kawai ya ji a gwiwoyinsa. Can ya miƙe ya hau gangaren.

* * *

Ya ce wa mai wanki ta ɗauko tsintsiya ta share yashin da ke gaban ɗakin cin abinci har ya yi sumul. Ya ce wa Manaja ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya tsuguna a gefen matakala, kansa a ƙasa, bai kalli fuskar kowa ba. Kuku ya wuce, mai gadi ya wuce yana hamma, Alhaji ya wuce yana mitar za a sa shi ya makara. Malama ta wuce, Auta ya biyo bayanta. Da kowa ya shige, Baba ya shimfiɗa sandarsa a kan yashin sau uku, sannan ya shiga.

Ya ajiye ledar a kan tebur. Malama ta kwance, ta fito da kyamarar, ta riƙe ta a hannu kamar mai auna nauyi. Ta ɗaga ɗan hannun ta juya, ya tafi sakayau. Ta buɗe bayan. Babu komai a ciki.

Alhaji ya leƙo. "An naɗe shi yadda ya kamata. Ba a fizga ba, ba ko gutsure. Wanda ya yi wannan an koya masa."

"Zan faɗi abin da ƙasa ta nuna," in ji Baba, "ba zan ƙara nawa ba. Matar nan ta bi ta bayan taga ana cikin ruwa, kyamara kuwa sai da ruwa ya tsaya aka ɗauke ta. Ba ita ba ce. Takalmin mai gadi ne ya je, amma ba ƙafarsa ce a ciki ba. Ƙafar Alhaji ba za ta shiga ba ma. Wanda ya ari takalmin da tafiyarsa ya shiga ciki. Na auna takunsa a bakin tafki, na kuma auna shi yanzu a ƙofar nan. Mutum ɗaya ne a cikinku da ƙafarsa ta dama ba ta gama komawa daidai ba."

Ba wanda ya motsa.

"Ba don ya sayar ya ɗauka ba. Ya cire abin da ke ciki, ya je bakin ruwa da niyya, ya tsaya, ya kasa. Ba zan kira shi ba. Amma fim ɗin na jikinsa."

Ruwa na ɗiga daga rufin kwano. Malama ba ta juya ba. Idonta na kan buɗaɗɗiyar kyamarar ta ce, "Auta. Kawo."

Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da hankici a ƙudundune. Ya warware a kan tebur. Ɗan gwangwanin ya gangaro ya tsaya a jikin kofi.

"Sauran maganar ta gida ce," in ji Baba. Mutane suka fara ficewa, Alhaji na gaba, wannan karon bakinsa a rufe.

"Baba ya zauna," in ji Malama. Ta nuna mai wanki. "Ke ma ki zauna. Da jakarki aka fara."

Auta bai ɗaga kai ba.

"Ni ke tuƙi, Anti."

Malama ta ajiye kyamarar a kan tebur.

"Ya gaji ne. Bayan mun sha mai ya ba ni motar, ya koma gefe yana wasa da kyamarar. Ya ce, 'Auta, juyo nan, kullum fuskarka kamar an hana ka abinci.' Na ce Yaya, tuƙi nake. Ya ce daƙiƙa ɗaya. Na juyo. Na ji ya danna. Da na mayar da ido hanya, babbar motar tana gabanmu. Hoto na ashirin da ɗayan ni ne. Hannuna a kan sitiyari, ina dariya."

"Ka ce barci kake."

"Waɗanda suka ciro mu ba su kula wa ke ina ba. A asibiti Mama ta riƙe hannuna ta ce, 'Shi ke tuƙi ko?' Na ce e. Kalma ɗaya ce, Anti. Daga nan na kasa janye ta. Kullum in ce gobe."

"Kuma ka ce wa Baba ba ka san kanta ba."

"Tun ina firamare nake riƙe masa jaka. Shi ya koya mini."

"Me ya hana ka jefawa a ruwa?"

"Ashirin ɗin farko. Akwai ke a ciki, akwai Mama. Akwai wanda na ɗauke shi da kaina a gidan mai, yana gyara hula." Ya rufe fuska da hankicin.

Baba ya dubi Malama. Ya san irin wannan fuskar, ya gan ta a wurin mutanen da ya sha kai wa labari daga daji. Kamar tana jira ne wani abu ya taso mata, fushi ko kuka, bai kuwa taso ba. Ta ɗauki ɗan gwangwanin tana juya shi tsakanin yatsunta.

"Wata bakwai ina jin haushinsa," ta ce a hankali. "Kullum ina masa faɗan gudu. Na ce gudun ne ya kashe shi. Wata bakwai ina faɗa da mamaci a kan abin da bai yi ba. Shi ma dai da nasa. Shi ya ce ka juyo."

"Anti, ki yi mini duk abin da..."

"Tsaya. Hatsari ya faru, ba ka nufa ba. Abin da ka faɗa a asibiti tsoro ne, wannan tsakaninka da Mama ne da ni. Amma yau da safe kana zaune a ɗaki, da shi a aljihunka, aka zazzage jakar matar nan a tsakar gida. Ka ji ana yi?"

"Na ji."

"To ga ta nan."

Auta ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban mai wanki. Ya fara magana, ta tare shi.

"Tashi, ƙanena, ƙafarka. Na ji." Ta juya wajen ƙofa inda Manaja ke laɓe. "Ni abu ɗaya nake so. A tsakar gida aka kira ni ɓarauniya, a gaban kowa. A can za a ce ba ni ba ce."

Haka aka yi. Manaja ya tara ma'aikata a daidai inda aka zube kayan, ya faɗa sau ɗaya cikin ƙasa-ƙasa da murya, ta ce ba ta ji ba, ya sake faɗa da ƙarfi. Kuku ya ba ta haƙuri yana kallon ƙasa. Ta koma ɗakin guga ta kunna dutsen gugarta.

A ciki kuwa Malama ta sa fim ɗin a aljihun jakarta ta ja zif.

"Gobe zan kai a wanke," ta ce wa Auta. "Kwana huɗu masu wankin hoto suke yi. Kafin in karɓo, Mama ta ji daga bakinka. In ba ka faɗa ba, ni ma ba zan faɗa ba. Zan dai jera mata hotunan a gabanta, duka."

"Har da shi?"

"Har da shi. Shi ne na ƙarshe da ɗanta ya ɗauka."

* * *

Rana ta fito sosai lokacin da suka fito da kaya. Baba na zaune a kan benci a bakin ƙofa yana jiran Manaja ya mayar da shi gida. Malama ta tsaya a gabansa, kyamarar rataye a kafaɗarta.

"Na gode, Baba."

"Ban tabbata aikin godiya na yi miki ba."

"Ni ma ban sani ba tukuna. Wataƙila sai na ga hotunan. Ka taɓa bin sawu ka yi da-na-sanin kaiwa ƙarshensa?"

"Sau da yawa."

"Yau fa?"

"Yau mai yara biyu na nan da aikinta. Sauran ban sani ba."

Ta gyaɗa kai ta wuce wajen mota. Auta ya riga ya sa jakunkunan a baya, yana tsaye da makulli a hannu, ya rasa ƙofar da zai nufa. Ta miƙa masa tafin hannu. Ya ɗora mata makullin, ya kama ƙofar baya.

"A'a," in ji ta. "Gaba za ka zauna. Tafiyar awa huɗu ce. Ka fara gwada yadda za ka faɗa mata, ina jin ka."